Samaniyar da Nike Aika ma Baba

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin rigimar da nit tayar a gidanmu da hoton samaniya. Kar ka yi dariya tukuna, don har iri anka yi asara a kanta.

Ni ba mai fita ba ce. Tunda anka kawo ni Wurno daga Sisawa, in ba biki ko gaisuwa ko asibiti ba, ina cikin gidana, kuma ban taɓa jin ya ishe ni ba. Boko a aji huɗu nit tsaya. Amma ina da wani tsohon turmi da yat tsage, na kife shi jikin katanga bayan madafa. In na hau shi ina ganin yamma duka, har giginyun bakin fadama, in na juya kuma ga gabas. Da maigidana yas sawo mani babbar waya, abin da nif fara ɗauka ke nan, faɗuwar rana. Tuwo ya sha kamawa a tukunya ina bisa turmi.

Sai dai waya maƙaryaciya ce. Ido ya ga ja kamar garwashi, ita ta ba ka wani fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Wata rana yatsana yat taɓa wani ɗan alƙalami a ƙasan hoto, sai ga layuka sun fito, kowane da ɗan ɗigo da ake ja. Nij ja guda, hoto yay yi duhu. Nij ja wani, ja yat taso. Akwai wanda ke fiddo bakin gajimare ya yi kaifi kamar an yanka da wuƙa. Ba wanda yak koya mani. Da kaina nig gane yadda ake yanke wayar lantarki da igiyar shanya, da yadda ake miƙe hoton da yak karkace don turmi ya motsa.

To, ga inda Baba yas shigo. Mahaifina manomi ne, kuma a ƙuruciyata in damina ta matso, ƙofar gidanmu mutane ke tsayawa bayan la'asar. Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce a jira, ko ya ce a fiddo iri. Ba kullum shike dacewa ba, amma ana tambayarsa. Daga baya yanar ido tar rufe mai gani. An kai shi Sakkwato, an yi abin da ake iyawa, abin da yas saura kaɗan ne. Shina gane haske da duhu, shina gane kala in ta yi ƙarfi kuma tana dab da hancinai. Sama kam ta zama mai farin bango. Masu tsayawa ƙofar gida sunka daina, sai dai su gaishe shi su wuce.

Wani zuwa gida da niy yi, muna zaune a zaure, nim miƙa mai wayar don wasa. Hoton da nic cika ma ja ne. Yak kai ta dab da ido, sai yac ce, “Wagga rana ta faɗi da ƙishi.” Wallahi sai da nij juya baya nis share ido. Shekara nawa ban ji shi ya yi ma sama magana ba.

Daga ranar kullum sai na aika hoto wayar Yaya, babban wana, wanda gona ke hannunai yanzu. Shi kuma ya kai ma Baba bayan magariba. Baba yas sa anka gaya mani in rage ma yamma kallo, gabas shike so, don daga can hadari ke tasowa. Nic ce to. Sai nir riƙa aika biyu.

Kuskurena ban ɓoye shi. Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, ran nan nig ga ɗan gajimare a gabas, siriri, rana na faɗuwa ta shafa mai ja. Na san in na aika shi haka Baba ba ya ganin komi. Sai nij ja duhu, nik ƙara, nik ƙara, har ɗan gajimaren yaz zama baƙin hadari mai cika ido. Ya yi kyau ƙwarai. Ban ce ma kowa ga abin da niy yi ba, don ban ɗauka akwai abin faɗi ba.

Baba yag gani, yac ce ma Yaya gobe a yi binne. Ka san binne, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, in ya sauka ka riga kowa. Yaya yac ce shi bai ga wani hadari da idonai ba. Baba yac ce mai yaushe yaf fara sanin sama. Uba ya yi magana, anka fiddo irin geron da anka rataye tun kaka, anka binne babbar gona. Kwana uku sai ga ɗan yayyafi, wanda ya isa ya tada iri, bai isa ya riƙe shi ba. Gero yat tsiro, rana tab buɗe, yak ƙone ƙurmus. Sai da Yaya yab bi maƙwabta neman iri, shi da bai taɓa roƙon kowa ƙwaya ba.

Yak kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba.

“Ke, mi kika yi ma hoton nan?”

Nig gaya mai gaskiya.

“To daga yau an gama. Ƙaryar kala ba ta ƙara shiga gidan ga. Tsoho na zaune lahiya kin sa ana mai dariya a majalisa.”

“Yaya, irin kam laifina na, ka yafe mani. Amma hoto ban bari.”

“Wayata ta ko taki?”

Yak kashe.

Maigidana, ɗan gidan malamai ne, a ofis shike aiki, bai cika faɗa ba. Yad dube ni ta saman tabarau yac ce, “Kin ga abin da gyara ma Allah aikinai ke jawowa.”

Nic ce, “Malam, cire wanga gilashin ka karanta mani takardar da ke hannunka.”

“Mi ya haɗa wannan da wancan?”

“Kai an gyara ma idonka rubutu, ba ka ce an gyara ma Allah aiki ba. Ni sama tana nan yadda Ya yi ta, ban taɓa ta ba. Tabarau niy yi ma Baba.”

Yay yi dariya yac ce bakina ya fi karatuna nisa. Nic ce to, in Yaya bai huce ba zan tafi Sisawa. Bai hana ba.

Kwana tara ina aika hoto Yaya bai buɗewa, sai nik kama hanya. Na iske Baba a zaure, ya juya fuska ga bango. Yaya na gefe shina gyaran ƙotar kalmen noma, ko kallona bai yi ba. Nij jira har rana tay yi ƙasa, nif fita ƙofar gida, nid ɗauki gabas, nid dawo nid durƙusa.

“Baba, ga ta yadda waya tab ba ni, ban taɓa ba. Mi kag gani?”

Yak kai ta ga ido, yaj juya ta. “Hura ba nono.”

Nik karɓa, nij ja layukana a gaban Yaya, don ya gani da idonai ba aljani a ciki. Nim miƙa.

“Yawwa,” in ji Baba. “Ga su nan, sun yi layi awa tumaki za su rahi.”

Nic ce, “Yaya, wanne kake so a nuna mai? Na gaskiyar da ba ya gani?”

Yaya yac ce, “Wanda ba ya cinye mani iri.”

Nan Baba yad ɗora wayar bisa cinya. Yac ce, “Kai, bar ɗiyar ga. Ranar nan na san ba ruwa.”

Baba yac ci gaba.

“Iska bai juya ba, ban ji ɗumin ruwa ga jikina ba, hancina bai ji komi ba. Na sani. Amma na ga hadari da idona, abin da nid daɗe ban gani ba, sai nij ji ina son in ce a fiddo iri, a fiddo. Shi ke nan. In akwai wawa cikin maganar ga, wanda yay yi shuka da hoto na.”

Yaya yas sunkuyar da kai, shina ta murza ƙotar da ta riga ta shiga.

Can Baba yac ce mai, “Waya taka ta, ban musu ba. Ara mani ita bayan magariba, in na gani in maishe ka.”

Yaya yad ɗauki kalmenai yaf fita. Amma washegari da nit tura, nig ga alamar an buɗe.

Abin da nic canza guda ne. Yanzu ba ni aika hoto shi kaɗai, sai na bi shi da saƙon murya. In ce, “Baba, ina wuni. Jan nan rabi nawa na, rabi na Allah. Baƙin na ƙara mai sau biyu, ainihinai bai kai tokar murhu ba. Iska daga yamma take, ganyen darbejiya ko motsi.” In hadarin gaske ne kuma in ce, “Wanga ban taɓa shi ba sai kaɗan, kuma kaji sun shige da wuri.” Shi ya haɗa da abin da jikinai yag gaya mai. Ba ya ƙara cewa a fiddo iri, Yaya ke yanke wannan. Amma an ce mani mutum biyu uku sun koma tsayawa ƙofar gida, suna tambaya, “Mi ta aiko yau?”

Yaya har gobe in zai miƙa mai wayar sai ya ce, “Ga ƙaryar ɗiyarka ta iso.” Matatai ke gaya mani. Ya yi ta faɗi. Maƙwabciyata ma ta leƙo ta katanga ta ce mace da jikoki na hanya tana hawan turmi kamar akuya. Nic ce mata akuyar ta gode. Turmin nan ban sauka, kuma jan nan ban rage shi, in dai Baba na da sauran ɗan hasken da zai gani da shi.

To kai da ke zaune kana saurarena da idonka biyu garau, in naka uban ne ya juya fuska ga bango, wane hoton za ka miƙa mai?