Kaluluwar da Na So a Bari

Shekarun baya, ana cikin girbin masara, aka gano ɗana na fari yana da ciwon daji a babban hanji. Daga Maska aka tura mu Funtuwa, daga nan sai asibitin Zariya. Kun san ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, balle in zauna bakin gadonsa. A baranda na tare, duk wanda ya fito ɗakin ina karanta fuskarsa.

Matarsa ce ta fito ta faɗa min wai ba wurin ciwon kaɗai za a yanke ba, har da kitsen da ke riƙe da hanjin da kaluluwar da ke cikinsa. Ban yi boko ba, amma na wanke kayan cikin ragon layya ya fi sau arba'in. Na san yadda jijiyoyin jini suka cuɗe a wurin nan. A raina na ce yaron nan zai tsiyaye ne a hannunsu.

Na ja ta gefe, na ce ta hana shi sa hannu sai an yarda a cire ruɓaɓɓen kawai. Yarinyar da ba ta taɓa yi min musu ba ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, mu je wurin likita ki ji da kunnenki."

Likitan bai raina ni ba. Ya ce cutar nan kaluluwa take fara bi, kuma ido ba ya bambance mai ita da marar ita sai an auna. Na tambaye shi iya ina zai tsaya. Ya ce zai bi jijiyar da ke shayar da wurin har gindinta, ba zai wuce nan ba sai da dalili.

"In ya mutu fa?" na ce.

"Ina tsoron hakan nima, Hajiya. Na fi tsoron in bar ta a ciki."

An yi aiki, ya tashi. Sati biyu muna jiran sakamakon awon kaluluwar. Da ya fito, uku daga cikin kaluluwar suna ɗauke da cutar, har da wadda ke can kusa da gindin jijiya. Wata shida yana karɓar ƙarin ruwan magani.

Bana ma shi ya noma gonarsa. Amma in na tuna da bakina na nemi a bar waɗannan ukun, sai in kama istigfari. Har yau bai sani ba. Matarsa kaɗai ta sani, shi ya sa ko gishiri ya zarce a miyarta, nake haɗiyewa in yi shiru.