Kwalbar da Na Kwantar Shekara Hamsin

Shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, ita ce shekarar da kwalbar ta shigo ɗakina. Damina ɗaya ta wuce aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira, sannan farin nan ya zo wanda ya kwashe wa Fulanin bayan garinmu shanu. A lokacin ina goye da ɗana na fari, shi wannan da ya yi mini abin da ya yi. Mai son lissafi ya ƙirga da kansa.

Maigidana kuku ne a gidan wani Bature mai duba gandun daji a Birnin Gwari. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya ba mai gadi bargo, ya ba mai wanki keke, maigidana kuwa ya miƙa masa kwalba guda. Mutanen ƙauyenmu suka yi ta dariya. Wai shekara tara kana soya wa mutum ƙwai, ladanka kwalba? Amma Baturen ya gaya masa ko mece ce. Giyar inabi ce mai kumfa, ubansa ya saye ta shekarar da aka haife shi, kuma irinta kaɗan suka rage a duniya. Ya ce kada a tsayar da ita. A kwance take rayuwa, cikin sanyi da duhu, kuma kada a kuskura a girgiza ta.

Ni burukutu nake dafawa tun ina budurwa, kuma daga Tabanni har Kusasu ba wadda ta kama ƙafata, a tambaya. Na san giya. Tamu in ta kwana uku sai alade. To a ce ga giyar da ta girmi mai ita, har yanzu da ranta? Na ce wannan ba ta hannun maza ba ce, a ba ni. Kwalba ce baƙa, mai nauyi, an toshe bakinta an ɗaure da waya. Na haƙa rami a ƙarƙashin randata, na zuba yashin rafi, na kwantar da ita. Ɗigon randa ya riƙa jiƙa yashin. Kowace kaka in tono ta, in duba wayar ko ta yi tsatsa, in mayar.

Muka yi bikin suna bakwai, aure biyar. Kowane karo sai ƴan'uwa su ce a fito da kwalbar Bature, maigidana ya ce, "Ba yau ba." Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya kira ni. Ya ce, "Uwar yara, ranar da na cika shekara, ki zo kabarina ke kaɗai. Ki zuba mini rabi ta wajen kai, ki zauna ki sha rabi. Kuma na san bakinki, kada ki sha nawa." Na ce, "Ka tashi ka tsare abinka mana." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ɗauki alkawari, ƙanwarsa tana zaune tana ji.

Saura wata biyu shekarar ta cika, mutanen daji suka shigo mana da hantsi a kan babura. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wata ta ɗauki tukunya, wani ya ja akuya. Ni na ture randa na tono kwalba, na kwantar da ita cikin ƙwarya da tsumma, na ɗora a kafaɗa yadda matanmu ke ɗaukar kaya. Wuni guda ina tafiya cikin daji, ƙwaryar nan ba ta karkata ba. Muka sauka a gari, gidan hayar ɗana. Kabarin yana can, ba mai iya zuwa. Na sayi sabuwar randa na sake haƙa rami, na ce hanya za ta buɗe.

Shekara ta uku da zuwanmu aka naɗa ɗana shugaban kwamitin godiyar kaka a coci. Al'adarmu, kowane gida ya kawo albarkar gonarsa gaban bagadi, doya ko masara ko ɗan akuya, Fada ya sa albarka, sannan a fito fili a yi gwanjonsu a gyara coci da kuɗin. To mu ina gona? Tana hannun masu bindiga. Na san kunya ta kama shi, shugaba guda ya zo hannu rabbana. Da ya zo ya gaya mini, da na sayar da zanena na saya masa doya. Bai zo ba. Ashe wani ya nuna masa a waya yadda Turawa ke rububin irin wannan kwalba a gwanjonsu, sai ya jira na tafi wankin ido asibiti, ya ɗaga randata. Da ɗan gari akan ci gari.

Ban sani ba sai ranar. Ina zaune cikin zumuntar mata a ƙarƙashin rumfa, an sayar da doya, an sayar da zakara, sai na ga mai gwanjo ya ɗaga wani abu sama. Malamin makaranta ne, mai bakin barkwanci. Ya riƙe ta a wuya, a tsaye, yana kaɗa ta kamar ƙararrawa.

"Jama'a, ga giyar da ta girmi kakanninku! Daga gidan shugaban kwamiti! Wa zai buɗe?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai! Kwantar da ita! Kwantar da ita, don ubanka!"

Fili ya ɗauki shewa. Malamin ya ce, "To fa! Mama ta ƙyasa. Mama, nawa kika saya?"

Na wuce shi na nufi Fada. Yaro ne, sa'an jikana, mai ladabi. Na ce, "Fada, kayana ne, sace shi aka yi." Ya ce, "Mama, abin da ya hau bagadi ya zama na Allah." Na ce, "Tun yaushe Allah ya fara karɓar kayan sata?" Sai ya juya ya dubi ɗana. Shi kuwa, wanda na goya a bayan nan, ya sunkuyar da kai ya ce, "Fada, kayan babana ne, kuma ni ne babba." Shi ke nan, maza suka gyaɗa kai. Abin da uba ya bari na ɗan fari ne. Shekara hamsin ina jiƙa yashi, ashe gadi nake yi wa magaji.

Na ce to, tunda saye ne, zan sayi abina. Na kwance bakin zane na ce dubu biyu.

Nan ne abin ya lalace. A gwanjon coci, ƴan gidan da suka kawo kaya sukan shiga ciniki da wasa, su yi ta kuka da magiya don masu kuɗi su ji haushi su ƙara. Ni da kaina na sha yi, har an san ni da shi. To duk abin da na faɗa a ranar, wasa aka ɗauka. Babban baƙon taron wani mai sayen zinariya ne daga hannun masu haƙa, dajin da ya kore mu shi ya yi masa tumbi. Ya ɗaga yatsa ya ce dubu ashirin.

Na ce wa mai zinariyar, "Ɗana, ka bari. Ta mamaci ce."

Malamin ya ce, "Kun ji! Har matattu na so! Oga, za ka bar wa matattu?"

Na ce na ƙara da akuyata. Aka ce dubu hamsin. Na ce na ƙara da zannuwana biyu na cikin akwati, waɗanda na ajiye a rufe ni da su. Mutumin ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Wallahi tsohuwar nan ta iya talla, a ba ta lemo!" Hawaye na zuba a fuskata, mata na tafa mini. Ƙanwar maigidana ce kaɗai ta san ba wasa ba ne, tana ta ihu, ganga ta danne muryarta. A dubu ɗari da hamsin malamin ya buga tebur.

Da mai zinariyar ya kai ta gida ya ajiye, da na bi shi na durƙusa. Ina! Sai ya miƙe a gaban jama'a ya hau jijjiga ta da hannu biyu, wai zai yi feshi irin na bikin masu kuɗi. Ya murɗe wayar. Kowa ya toshe kunne ana jiran ƙara. Ba ta yi ƙara ba. Ɗan huci ta yi, irin na tsohon da ya sauke kaya. Ya tsiyaya a kofin roba, launinta kamar zuma, ƴan ƙananan ƙwayoyi na tasowa a hankali. Ƙanshin ya iso har inda nake, kuma hancina bai taɓa yi mini ƙarya a kan giya ba: da ranta. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tofar.

"Wannan ai ta mutu tun kafin a haife ni. Ba komai, na ba coci."

Ya kifa bakin kwalbar ƙasa. Ina tsaye ina jin ƙul, ƙul, ƙul, har ta ƙare.

Na cire kallabina a gaban kowa, ni da ko surukaina ba su taɓa ganin kaina ba. Na durƙusa na kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da hannuna, har inda danshin ya tsaya, na ƙulle. Sai a lokacin tafin ya mutu. Ban lasa ba. Rabona can zan ci shi, a gaban maigidana.

Daga filin ban koma gidan ɗana ba, ɗakin ƙanwar maigidana na wuce. Ɗan nawa ya zo ya durƙusa sau uku. Na ƙarshen har da sabuwar kwalba ya zo, daga Kaduna, mai kwali. Na ce ya kai wa ubansa da kansa ya yi masa bayani, in ya san hanya. Fada ma ya zo ya ba ni haƙuri, na karɓi nasa. Ƙullin ƙasar yana cikin akwatina, kuma na gaya musu, in hanya ba ta buɗe ba kafin in tafi, kada wanda ya sa ni a rami ba tare da shi ba.

Cikin waɗanda suka ga ranar da kwalbar ta shigo ƙauyenmu, mu uku muka rage. Ni, da ƙanwar maigidana da muke kwana ɗaki ɗaya, idonta ya tafi. Sai mai wankin da aka ba keke, an ce yana Saminaka wajen ƴarsa, ba ya gane kowa.