Gwiwar Hannun Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, mahaifina kuma mutumin Funtuwa ne na da, irin waɗanda ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ban kuma tuna ranar da hannunsa ya taɓa jikina ba, ko da na duka ne. Ƙannena su haye cinyarsa su ja masa gemu, ni kuwa in na shigo zaure sai ya kau da kai ya ce, "A ce wa wancan ya ɗaure awaki." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ni ma na sani.

A shekarar 2013 ina karatu a Alƙahira, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Abbasiya, can saman bene. A shekarar ne hawan jinin ido ya ci ƙarfin Baba, aka turo shi wajena tare da wani amininsa don a ga likita. Aminin ya gama abin da ya kawo shi ya koma gida, ya bar mu mu biyu. Wani likita a unguwar Mohandessin ya duba, ya sake dubawa, ya ja ni gefe ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, sai dai a ba da maganin rage zafi, a zauna 'yan makonni a ga yadda zai karɓe shi. Ɗan hasken da Baba ya zo da shi ma, kafin wata ya ƙare ya tafi.

Daga nan ya daina fita. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur yana bin ƙauyuka sayen auduga, ya koma daga katifa sai banɗaki, yana lalube da bango. Kuma ko a ɗakin nan da babu kowa sai ni da shi, bango yake yi wa magana: "A miƙo buta." "A rage wannan fanka." Na sayo masa farar sanda a kantin magani na ajiye kusa da shi. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya tura ta ƙarƙashin gado.

"Ni za a riƙe wa sanda ana ja a titi?" ya ce. "A mayar da ni gida. In zauna a zaurena, ba na sake taka ƙofa sai ranar da aka fito da ni a makara."

Wallahi na san mutumin. In ya ce ba zai yi abu ba, ko gari zai taru a kansa ba zai yi ba. Ido dai na riga na sallama shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya koma Funtuwa a haka, ya binne kansa da ransa.

A lokacin ina ɗan aikin wucin gadi a wani ƙaramin gidan tarihi a unguwar Dokki, inda aka tara kayan noma da na saƙa na mutanen da. Aikina fassara bayanan kaya daga Larabci zuwa Turanci. Shugabar sashenmu, wadda muke ce wa Ustaza, wata dattijuwa ce mai murya kamar lasifikar masallaci, in ta kira ka daga ofishinta har mai sayar da shayi a bakin titi sai ya amsa. Rannan ta tare ni ta ce ta sa sunanmu a wani taro na ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban, ta intanet za a yi, ba mai zuwa ko'ina, kuma da Turanci za a yi shi.

"Yalla, mu je, kai ne kunnenmu," in ji ta.

Na ce a raina, ke dai ba ki da aikin yi. Ni da na baro tsoho shi kaɗai a ɗaki, ina ruwana da surutun Turawa a kwamfuta?

Muka taru a ofishinta, aka haska majigi a bango, fuskokin mutane suka bayyana a 'yan ƙananan akwatuna. Kyamararmu ta lalace, mu muna ganinsu, su ba sa ganinmu. Abin da ake tattaunawa shi ne, su wa ke shiga gidan tarihi, su wa kuma ke tsayawa daga bakin ƙofa su juya: mai keken guragu da matakala ta tare, kurman da ba wanda zai yi masa bayani da hannu, baƙon da ba a rubuta komai da harshensa ba, talakan da yake ganin wurin ba na irinsa ba ne. Wasu masu jawabin sun yi magana mai ma'ana. Wasu kuwa dogon Turanci ne kawai, in sun yi jimla goma sai in dunƙule ta a ɗaya, Allah Ya yafe mini. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba a wancan bazarar, tsohon mai gadinmu da muke kira Ammu ya yi ta zagin waya da fitila har ta dawo.

Da ta dawo, sai ga wata mata a bango, farar fata, gashinta duk furfura. Ta ce ita makauniya ce, kuma ita ke shugabantar sashen baƙi a gidan tarihin da take aiki. Mai barkwanci ce. Ta ce ba ta san iyakar titunan da masu kirki suka tsallakar da ita ba, alhali ita ba tsallakawa za ta yi ba, mota take jira. Sai ta miƙe, ta kira wani abokin aikinta, ta ce za ta nuna mana yadda ake tafiya da makaho.

Ta ce kada ka cafke shi, kada ka ja rigarsa, kada ka ja sandarsa. Ka tsaya a gefensa, ka taɓa bayan hannunsa da bayan hannunka, sannan ka jira. In yana so, hannunsa da kansa zai hau ya sami gwiwar hannunka. Shi ne zai riƙe ka, duk sanda ya ga dama kuma ya sake ka. Kai dai ka ɗan gota shi kaɗan, jikinka zai riƙa gaya masa hanya. In kun zo matakala ka dakata ka ce hawa ne ko sauka. In ƙofa ta matse ka mayar da hannunka baya, zai gane ya bi bayanka. Wanda ya gan ku, in ji ta, mutum biyu zai gani suna tafiya tare.

Ban san na daina fassara ba sai da Ustaza ta ƙwanƙwasa tebur da biro.

"Ya ustaz! Me take cewa?"

Na koma kan fassara. Haka na lallaɓa na kai ƙarshe. Da aka tashi ta tsare ni da ido ta saman tabarau, ni kuma na kwashe labarin Baba kaf na gaya mata, abin da ban taɓa gaya wa kowa a wurin ba.

"Haram alaik!" ta daka mini tsawa. "Mahaifinka yana garin nan a wannan hali, kai kana nan kana fassara mini sunan garma?"

Ta ce dama abin da ya sa ta shiga taron, tana so ta shirya tebur guda na kayan da aka yarda a taɓa, don makafi, tunda ko'ina a gidan an rubuta kada a taɓa. Tana bukatar wanda zai gwada mata kafin ta gayyato kowa. "Ka ce masa aiki ne," in ji ta, "don wallahi aiki ne, ba alfarma ba."

Kafin nan ta sa muka gwada a junanmu. Ammu ya ɗaure idonsa da rawani ya kama gwiwar hannuna. Tafiya kaɗan na manta da maganar mayar da hannu baya, na haɗa masa goshi da bakin ƙofa, ƙum! Ya kwance rawanin yana murza wurin ya ce, "Ya ibni, ɗana, in haka za ka ja mahaifinka, bayan ido har haƙora sai ya rasa." Muka yi ta maimaitawa a farfajiya har ya ce tamam, wato ya yi.

Da na koma gida na zauna daga bakin ƙofa, ni ma na fuskanci bango, na ce an ce a wurin aikinmu ana neman wanda ya san auduga da kayan noma, wanda kuma ba ya gani, ya taɓa wasu kaya ya faɗi ko an shirya su daidai. Ban ɓoye masa komai ba. Ya juya ya kwanta. Na ce to, shi ke nan, an yi ba a yi ba.

Washegari na fito daga wanka na tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula. Ya miƙe ya lalubi bango har ƙofa, na buɗe, ya tsaya. Gabansa matakala ce, babu sauran bangon da ya sani.

Na matsa gefensa. Na kai bayan hannuna na taɓa bayan nasa. Ya janye kamar ya taɓa tukunyar da ke kan wuta. Na bar nawa a inda yake, don matar nan cewa ta yi a jira. Mun daɗe a haka. Wata maƙwabciya ta hauro da kwandon burodi, ta kalle mu ta wuce. Can sai na ji yatsunsa a wuyan hannuna, suna hawa a hankali, har suka kama gwiwar. Hannun yana da kaushi, yana da ɗumi. Hawaye suka zubo mini, na bar su, tunda ba ganina yake yi ba.

"Sauka ne, Baba," na ce.

"An sani," in ji shi.

A gidan tarihin Ustaza ta tarbe shi da "Ahlan ya hajj" har tagogi suna amsawa. Na ɗora hannunsa a kan tebur, ya shiga aiki. Ya ɗauki mazari ya juya shi ya gane nan take. Ya ɗauki wani tulun ƙasa ya rantse asusu ne, aka ce na sanyaya ruwa ne, ya ce su dai suka sani. Ya ce teburin ya yi ƙasa, sai mutum ya sunkuya kamar mai ruku'u, Ustaza ta rubuta. Da aka zo kan audugar Masar, ya ja zarenta tsakanin yatsu ya ce ƙarya ne, an cakuɗa da siliki, shi ba yaro ba ne. Suka kaure da musu, shi da Hausa, ita da Larabci, ni a tsakiya ina yi musu tafinta. Ta aika Ammu ya kawo wadda ba a gurza ba, da angurya a jikinta. Baba ya ɓare, ya ja, ya sake ja, ya ce, "Ikon Allah! Ashe mu wasa muke yi." Ya tuntsure da dariya. Rabona da jin dariyarsa tun ina gida.

To, daga ranar na shiga uku. Mutumin da ya ƙi taka ƙofa ya hana ni zama. Asuba masallaci, hantsi wajen mai wake da burodi na kan kwana, la'asar a kai shi gada ya ji iskar kogi. In na yi sauri ya matse mini gwiwa, in na yi nawa ya ce, "Ana tafiya kamar mai ciwon ƙafa." Na rasa darasi ba ɗaya ba, ban kuma yi da-na-sani ba. Abu ɗaya ne ya rage mini a rai: a Funtuwa babu ni, wa zai kama?

Ranar komawarsa na raka shi filin jirgi har inda ake tsayar da 'yan rakiya. Aka turo wani ma'aikaci, matashi mai fara'a, ya kai shi jirgi. Yaron kirki ne, sai dai bai sani ba. Ya cafki hannun rigar Baba ya fara ja. Na yunƙura zan yi magana, Baba ya riga ni. Ya turje, ya zame rigarsa, ya ce, "A gaya masa ba haka ake yi ba. Ya tsaya nan gefena." Na fassara. Yaron ya tsaya yana mamaki. Baba ya lalubo bayan hannun yaron da kansa, ya hau har gwiwa, ya riƙe, ya gyara zaman babbar rigarsa a kafaɗa.

"Yalla," ya ce masa.

Matar nan ba ta taɓa ganin fuskata ba, ba ta san akwai wani ɗan Funtuwa a wani ofis a Dokki da yake juya maganarta zuwa Larabci ba. Ni kuma sunanta ma ban riƙe ba. Amma ina gode mata, ita da Ustaza da Ammu mai ƙulun goshi, godiyar da ban san inda zan kai ta ba sai wurin Allah.

Na tsaya a bayan shingen ina kallonsu. Baba yana tafe kansa a sama, yana yi wa yaron hira da Hausar da ba ya ji, yaron yana ta gyaɗa kai. Ban bar wurin ba sai da suka sha kwana.