Farantin Sola a Ƙarƙashin Gado

Tun da ciwon gwiwa ya hana Baba zuwa gona, rediyo ce ke tara masa mutane. Da hantsi zai shimfiɗa tabarma a zaure ya kunna ta, kafin a gama labarai tsofaffin unguwa sun cika wurin, ana gardama kan tsadar taki da wanda ya fi iya ƙarya a cikin masu neman ƙuri'a. Ranar da batir ya mutu kuwa, kowa sai ya tuna yana da uzuri. Su zame ɗaya bayan ɗaya su koma teburin mai shayi, can bakin titi, inda ƙafar Baba ba ta kaiwa. Na taɓa zuwa daga Bici, inda nake koyarwa, na tarar da shi shi kaɗai yana kallon bango. Abin ya tsaya mini a rai.

Baba kuma yana da nasa ilimin batir. Idan ya yi sanyi, sai ya shanya shi a rana kamar kuɓewa, ya ɗan cije shi, ya mayar. Rediyon ta yi tari, ta faɗi kalma biyu, ta sake mutuwa. Inna ta rantse haƙoransa na gefe batir ne ya cinye su, ba goro ba.

Sai na yanke shawarar sayo masa batura masu caji da ɗan farantin sola da zai riƙa cika su. Na ɗauka shiga zan yi in fito. Mai shagon da na je a Bici bakinsa ba ya hutawa.

"Malama, ga wannan. Fitila gare shi, fanka gare shi, har rediyo gare shi!"

"Tuwo fa? Yana tuƙawa?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce masa rediyo muna da ita, kuma Baba ba zai saki tasa ba ko gidan rediyon za a ba shi gaba ɗaya. Ya jawo wani mai faɗin ƙyaure. Na ce tsoho mai sanda ne zai riƙa ɗauka. Ya ɗauko wani ɗan mitsitsi da zai shige aljihu. Wannan kuwa ko ni na san sai a yi girbi bai cika batir ɗaya ba.

Na zaɓi matsakaici, mai faɗin allon karatu, mai mazubin da ke cin irin baturan rediyon Baba, da doguwar waya yadda faranti zai sha rana, batura na cikin inuwa. Na sa ya fito da shi waje muka gwada. 'Yar jar fitila ta kama. Na rufe farantin da gefen mayafina ta mutu, na janye ta dawo. Mai shago ya ce bai taɓa ganin mai saye mai naci irina ba, na ce yau ya gani.

Na shiga motar Tsanyawa, na hau acaɓa zuwa ƙauyenmu, na yi wa Baba bayani tiryan-tiryan kamar ina gaban aji. Yana ta gyaɗa kai yana shafa gilashin. "To, to. Allah ya yi miki albarka." Na koma Bici zuciyata fes.

Da na sake zuwa, wata safiya, zaure wayam, rediyo shiru. Baturan nan sababbi na hango su jere a kan katanga, rana na gasa su. Ɗaya har ya kumbura.

"Baba, ina farantin?"

"Yana nan lafiya lau. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

"A ina?"

"Ƙarƙashin gadon innarki."

Na leƙa. Yana cikin kwalinsa, an naɗe kwalin da zane, kusa da tangaran ɗin Inna da ba a taɓa cin abinci a ciki ba tun da nake. A gidanmu haka ake yi wa abin da ake ji da shi: a adana, kar a taɓa. Raina ya ɓaci, muryata ta fara hawa.

"Baba, ai shi ne mai son ranar!"

"Ranar garin nan? Wadda ta fasa mini bokitin roba? Ke kika ce rana ce ke cika batir. To ga batir na ba ta. Shi mai gilashin me ya yi mini zan gasa shi?"

Na buɗe baki zan ci gaba, sai ya sassauta murya. "Tun da kika fara aiki, abin da kike kawowa na ci ne, a cinye a manta. Wannan ne zai zauna, in ce 'yata ce ta sayo."

Na ajiye faɗan da na ɗauko. Tausayinsa ya kama ni, dariya kuma na cina. Na zauna kusa da shi na ce, "To Baba, a ƙarƙashin gado wa zai gani? Mu jingine shi a ƙofar zaure, duk mai wucewa ya tambaya."

Ya auna maganar. "A ƙofar zaure? Awaki fa?"

"Ga sandarka."

Haka aka yi. Muka jingine faranti yana fuskantar rana, batura masu sauran rai suka shiga mazubi a inuwa, jar fitila ta kama. Baba ya ja tabarma bakin ƙofa ya kafa gadi. Sau biyu ina kama shi yana miƙa faifai zai yi wa farantin inuwa.

Rediyo ba ta kai ga magana ba mutane suka fara tsayawa. Wani ya ce ɗansa yana da irinsa a Bagwai, wanda ya fi wannan. Wani ya ce da damina sai dai a yi haƙuri. Baba na tsakiya yana nuni da sanda: "Alhaji, matsa, ka tare masa rana! Ci yake yi!"

Bayan la'asar fitila ta koma kore, rediyo ta buɗe murya tangaram, amma babu mai sauraronta. Na leƙo da jakata zan yi sallama in kama mota.

"Baba, zan wuce."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ɗaga mini hannu kawai, yana ta ƙaryata mai ɗa a Bagwai. Ban taɓa jin daɗin a share ni ba irin na ranar.