Bakoji da Garin Maganin Sa

Ranar da Praise ta zo Randagi, hadari ya haɗu tun hantsi ta wajen daji, ya yi ta gurnani har la'asar, ko ɗigo bai sauke ba. Ina zaune a ƙofar gidan Bakoji, maƙwabcina na shekara arba'in, muna kallon ɗaya daga shanun huɗarsa biyu. Ciwon sammore ya kama san, don a bakin daji yake kiwo, inda ƙudan tsando suke. Ya rame, ido yana ruwa, ga masara ta kusa isa huɗa. Garma kuwa ba ta jawuwa da sa ɗaya.

Bakoji masani ne, a faɗarsa. Tun yana saurayi, duk abin da aka ce masa magani ne sai ya shiga tukunya. Sassaƙe, saiwa, har ƙwayar asibiti ya taɓa tafasawa.

Praise malamar dabbobi ce daga Birnin Gwari, a babur ta zo. Ta yi wa san allura, sannan ta miƙa wa Bakoji wani gari a leda.

Ta ce, "Baba, allura ce mai kashe cutar, zan dawo in sake dubawa. Wannan taimako ne ga ciki da hanta. Akwai ƙananan halittu masu rai a ciki. Ruwan sanyi kawai, kar ya ji zafi."

"Masu rai? Ɗanye zan ba shi ke nan? To, 'yar nan, Allah ya yi albarka."

Ƙarar babur ɗinta ba ta ɓace ba ya sa aka hura wuta. Ya zuba garin, ya ƙara kanwa da sassaƙen maɗaci don ya yi ƙarfi, ya tafasa har sau biyu.

Na ce, "Bakoji, ai cewa ta yi kar..."

"Kai ma ka shiga boko da furfurarka?"

Na bar shi da tukunyarsa.

Kwana goma yana ɗura wa sa baƙin ruwan nan. Da Praise ta dawo, ya tare ta a zaure, ya ce ta huta, sa yana hannun gwani. Sati na uku aka kira Mainasara mahauci. Ya yanka san, ya ɗaga hantar, ta kumbura ta yi baƙi, ya ce ko kare sai an lallaɓa shi. Bakoji ya duba da kyau, ya ce da ma maganin birni ba shi da ƙarfi.

Ɗayan san ya sayar da shi a kasuwar Birnin Gwari. Yanzu Bakoji yana nan Randagi, shekararsa sittin da bakwai, yana huɗa da garmar hannu.