Sukurun da Baba Ya Liƙe da Ƙaro

Ɗazu mai gyara yana murɗa wani ɗan sukuru cikin sitabilaizata, sai na tuna gidanmu a Ajingi lokacin yaƙin basasa, yayana Sale yana soja a fagen daga.

Rediyonmu da batirin mota yake aiki, ta wani akwati mai rage wuta. Baba ya saita sukurun akwatin, ya liƙe shi da ƙaron tawada kada wani ya ƙara wutar, don ya san halin iyalinsa.

Ana karanta gaisuwar sojoji, Inna ta ce, "Malam, ƙara masa wuta mana, ba na ji!"

"In ya ƙone, wa zai gaya miki ɗanki na raye? Matso da kunnenki."

Ta matso tana mita, har ta ji sunan Sale.

Allah ya jiƙan Baba. Ku taurin kan wa ya taɓa yi muku rana?