Gwaggo Kabira da Jitar Babana

Gwaggo Kabira yayar babana ce. A unguwar Tandabawi ta Makka kowa ya san ta da waina da alkubus, har Larabawan layinmu sukan aiko da kwano da safe su ce a zuba musu na Hajja Kabira. Tana amarya ta zo Makka tare da mijinta mai ɗinkin jallabiya. Ya rasu ya bar ta da takardar zama da ɗaki biyu a hawa na uku, matakalar gidan kuma ta bar mata ciwon gwiwa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mace ce mai faɗa, ba ta iya rarrashi da baki ba. In ta ji tausayinka, sai dai ka ga an ƙara maka nama a miya.

Babana Muttaka ya biyo ta da Umara ne ya ƙi komawa. Dako yake yi a kasuwar kayan gwari, lokacin Hajji kuma ya tafi Muzdalifa aikin kwashe shara. Mahaifiyata ta rasu ban san ta ba, don haka a gidan Gwaggo muke zaune mu uku. Abu ɗaya ke haɗa su rigima: wata jita mai ruwan zuma da ya saya a kasuwar gwanjo ta Jidda. In ya dawo aiki sai ya rufe taga ya riƙa kaɗa ta a hankali.

"Muttaka, a garin Allah?" in ji Gwaggo daga kicin. "Ga Harami can muna hango hasumiyarsa!"

"Yaya, ai ko maƙwabci ba ya ji."

"Mala'iku fa?"

Sai ya yi dariya ya ƙara rage sauti.

Ina ƙarama aka kama shi a wani samame, ba shi da iƙama, takardar zama ke nan, aka yi masa tarhil, wato aka mayar da shi gida. Da ya isa Kano ya kira. Ina tsaye kusa da ita ina jin muryarsa a wayar.

"Yaya, ga Mujahida nan. Ga kuma jitata."

"Yarinya na karɓa. Wancan katakon kuwa gobe zan ba masu shara."

"Amana ce na bar miki, Yaya."

Ta juya ta harari jitar. Sannan ta ce, "Ka cuce ni, wallahi," ta kashe wayar.

Ta ɗauki jitar cikin jakarta ta ɗora a kan kabad, daidai inda mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke hura iska. Ita a ganinta wuri mafi sanyi shi ne wuri mafi daraja. Nan jitar ta zauna har na fara taya ta suyar waina. Wata shekara, da sanyi ya wuce muka koma kunna mukayyif ba dare ba rana, muna zaune muna tsintar shinkafa da azahar sai muka ji ƙas! daga saman kabad. Gwaggo ta sa na hau kujera na sauko da jakar. Fuskar jitar ta tsage daga ƙasan igiyoyin, tsawon yatsa.

Ban taɓa ganin Gwaggo ta tsorata ba sai ranar. Ta shafa tsagar da babban yatsanta, ta ce, "Na shiga uku. Me zan ce wa yaron nan?"

Da farko dabararta ta yi. Ta ce bushewa ce irin ta faso, ta jiƙa tawul ta naɗe jitar ta rufe jaka. Ba a daɗe ba ɗakin ya ɗauki warin raɓa, cikin jakar ya fara yin fumfuna. A nan ne ta sauke girman kai ta sauka wurin maƙwabciyarmu Hadijatu, wadda ɗanta Nawaf ke tuƙin tasi a unguwar Hindawiyya. Nawaf haifaffen Makka ne, magidanci, Hausarsa rabi Larabci. Ya duba ya ce, "Khala, wannan sai Jidda. Akwai wani mu'allim Talal, yana gyaran kayan kiɗa. Ni in kai ku."

Gwaggo ta lulluɓe jakar da tsohuwar abaya don kada 'yan layi su gan ta da ita, ta rungume ta a cinya har Jidda. Shagon Talal ƙarami ne, yana ƙanshin katako da gam. Shi kuma dattijo ne mai furfura, ya juya jitar, ya sansana ramin da ke cikinta, ya tambayi inda ake ajiye ta. Da Nawaf ya ce gaban mukayyif, sai ya kama kai.

"Ya Hajja," ya ce da Larabci, "katakon nan siriri ne, yana shan danshi daga iska yana fitarwa. Mukayyif yana tsotse ruwan ɗaki, sai katakon ya ƙanƙance ya fashe. In kuma kin jiƙa shi, gam ya saki. Ba ruwa yake so ba, ƙanshin ruwa yake so."

Ya ɗauko wani abu kamar guntun tiyo mai huji-huji, da soso a ciki. Murattib sunansa. Ya nuna mata yadda za ta tsoma shi a tataccen ruwan da ake sayarwa a kantin magani, ta matse har ya daina ɗiga, ta goge bayansa, ta zura shi cikin ramin jitar, ta rufe jaka. Ya ce ta sassauta igiyoyin kaɗan, ta nisantar da jakar daga mukayyif da taga. Gwaggo ta sa ya maimaita, sannan ta karɓa ta gwada a gabansa har ya ce, "Tamam."

Da aka gyara tsagar Nawaf ya dawo da jitar, sai ta koma ƙarƙashin gadon Gwaggo. Daga nan duk Juma'a da hantsi, in ta wanke kaskon waina, sai ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta jawo jakar. Ta taɓa soson, in ya bushe ta jiƙa, ta matse, ta mayar. Ko da wasa ba ta taɓa kaɗa igiya ɗaya ba. In na ce ta bari in yi, sai ta ce, "Ke aka ba wa?"

Hadijatu ta taɓa shigowa ta same ta a haka.

"Kabira, yanzu kayan kiɗa kike shayarwa?"

"Ni ban ce miki kiɗa abin kirki ba ne," in ji Gwaggo ba ta ko ɗago ba. "Amma kayan mutum ba zai lalace a hannuna ba."

Haka aka yi shekaru. Na girma, na samu aiki a wani shagon ɗinkin mata. Babana bai samu hanyar dawowa ba, ya kama sayar da kayan miya a Kurna. Sai bara wani abokinsa, Issoufou, mutumin Maraɗi da ke kasuwanci a Kano, ya zo Umara ya ce zai iya tafiya da jitar. Gwaggo ta zaunar da shi a tabarma ta koya masa aikin murattib kamar yadda aka koya mata.

"Ka faɗa masa sanyin Kano bushewa gare shi," ta ce. "Lokacin ne zai fi sa ido. In ya bari ta tsage, kada ya kira ni."

Babana ya kira ta bidiyo ranar da jitar ta isa. Ya buɗe jakar a gabanmu, ya ɗaure igiyoyin, ya kaɗa sau ɗaya, sai ya kasa ci gaba. Ya rufe fuska da hannu.

"Yaya, sautinta bai canja ba. Allah ya saka miki da alheri. Da ita da Mujahida..."

"To, ya isa," in ji Gwaggo. "Dubi yadda ka rame. Wa ke yi maka girki?"

Ni ma na so in yi mata godiya ranar, na fara, ta ce in tashi in duba tukunya. Don haka a sujada nake yi mata tawa.

Watannin baya wasu maniyyata suka zo mana da saƙon babana: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da man shanu a gora. Gwaggo ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka a babbar tukunya, ta sa na raba wa gidan daga hawa na ɗaya har sama. Ta zuba na Nawaf, wanda ya kai jitar Jidda, daban a kula mai kyau, ta ce in kai masa da kaina, kuma in tsaya in ga ya ci, don 'ya'yan Makka ba su san daɗin kuka ba sai an tsare su.